Jaririya Ba Suna, Kakarta Na Yawon Turai

Melbourne, Talata

Zuwa ga surukata Beryl,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya a Roma. Yau sanyi ya hana ni leƙa ko bakin ƙofa. Gwiwar hagu ta kumbura, ta dama tana shirin bin sahunta, tarin kuwa likita ya ce mu yi haƙuri da juna.

Na san albishir ya iske ki ta waya cewa 'yarki Janelle ta sauka lafiya, an samu mace. Ɗana Manoli ya kai ni asibiti na gan ta. Kai sanƙo, baki ba haƙori, fuska duk tamoji. Ni ta ɗebo sak.

Ga dalilin takardata. A wajenmu Girkawa, 'yar fari sunan uwar ubanta take ci, ba a ma zaman shawara a kai. Beba muke ce mata, wato jaririya, har ranar baftisma, sannan Fada, limamin cocinmu, ya faɗi sunan da kowa ya riga ya sani. Sunan marigayiya matata kuwa kin san shi, Evanthia. Amma da na taɓo wa Manoli zancen sai ya dubi sama ya ce, "Baba, Janelle ta ce sai mamanta ta dawo daga Turai." Yaron nan tun da ya yi aure ko gishiri ba ya sa wa abinci sai ya dubi fuskar matarsa, ita kuma sai ta dubi taki.

Saboda haka ina roƙonki ki rubuta mata layi ɗaya, a wuce wurin.

In kin je rusasshen filin wasan nan na Roma, ki sani duk ginshiƙin da kika gani daga wajenmu suka kwaikwaya. Malaminmu ne ya faɗa, da bulala a hannunsa.

Naki cikin girmamawa,
Lambros Zafiris

*

Florence

Lambros, tsohon rigima,

Gaisuwa da fatan alheri. Sannu da gwiwa. Ka sha maganin nan, kada ka zuba wa tumatir ɗinka kamar bara.

Takardarka ta iske ni ƙafafuna cikin bokitin ruwan gishiri. Ɗan jagoranmu yana ɗaga jar laima, mu tsofaffi cike da bas muna binsa kamar agwagi. Na ga filin wasan naka. Rabinsa ya zube, kuma ba wanda ya yi tunanin gyarawa. A Pisa hasumiyarsu ta karkace, suna ta alfahari da ita. Noelene, abokiyar kujerata, ta miƙa hannu wai a ɗauke ta hoto tana tokare ta, sai ga ta wanwar cikin ciyawa.

Batun suna. Na gwada faɗinsa da ƙarfi a cikin bas, haƙoran robana suka kusa tsalle. Ka tausaya wa malamar aji mana! Matarka mutuniyar kirki ce, ita ta koya mini naɗa shinkafa a ganyen inabi, Allah ya jiƙanta. Amma ba sai an ɗora wa jaririya sunan da ya fi ta nauyi ba.

Jiya da yamma na tsaya a kan tsohuwar gadar garin nan, rana tana faɗawa cikin kogi, na ce shi ke nan, suna ya samu: Florence! In bai yi maka ba, mun bi ta Siena, shi ma yana da daɗi. Gobe sai Venice, ka ba ni lokaci.

Taka,
Beryl

*

Melbourne, Juma'a

Zuwa ga surukata Beryl,

Bayan gaisuwa. Yau gwiwar dama ma ta kumbura, kuma ina zargin takardarki.

Jikata ba tashar jirgin ƙasa ba ce. Na gode Allah da ba a ƙasar nan ta Ostiraliya kike yawon ba, da yanzu ana ce mata Wagga Wagga.

Bari in ajiye wasa. Tun da muka binne matata ba a sake kiran sunan nan a gidana ba. Manoli "Mama" yake cewa, maƙwabta su ce "matarka," ni kaina "marigayiya" nake cewa, don in na ɗauko sunan sai ya tsaya mini a maƙogwaro. Da can wuni nake ina kwaɗa shi daga lambu: ina almakashina, ina hulata. Ba na neman komai sai in ji an kira shi a tsakar gida an ce a zo a ci abinci, wani ya amsa. Ba ni da lokaci mai yawa na jira, likita ma bai ɓoye mini ba.

Na ga a tsarin tafiyarku daga Atina, babban birnin ƙasarmu, za ku gangara kudu kallon tsohon dandalin wasan kwaikwayo. Ƙauyen marigayiya, Kato Vrisi, yana nan kusa. Kin gama zagaya kaburburan sarakunan da ba su taɓa ba ki ko kofin shayi ba. Ki ratse ki kunna wa wadda ta ciyar da ke kyandir a cocinsu. Ba sai kin iya yaren ba, ki faɗi sunanta kawai, za a nuna miki gidan.

In kin hau dutsen Atina, ki kalli tsohon haikalin da ke kansa da kyau ki ba ni labari. Ni ban taɓa ganinsa ba. Ranar da jirgin ruwanmu ya tashi kowa yana nuna shi daga nesa, ni kuwa kaina yana cikin bokiti ina ta amai.

Lahadin da kika dawo ki zo. Zan sayo baklava, alkakin nan namu mai zuma, mu ƙarasa faɗan a zaune.

Naki cikin girmamawa,
Lambros Zafiris

*

Kato Vrisi

Lambros, Allah ya isa!

Gaisuwa dai, tunda dole ce. Haikalin yana nan, ba rufi, ba inuwa, ba ka yi asarar komai ba.

Na bar su Noelene a dandalin, na ɗauki tasi. Ya sauke ni a tsakiyar ƙauye da rana tsaka, ko kare babu. Na cije haƙorana don kada su fita, na kwaɗa, "Evanthia!"

Lambros, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Tagogi suka fara buɗewa. Wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta fito da sanda. Wata ƙatuwa ta fito da gari har gwiwar hannu. Wata ta tsayar da babur. Wata 'yar yarinya ta taho tana jan akuya. Mai garin a hannu ta taɓa aiki a masaƙa a Geelong kusa da Melbourne, ita ce ta ce mini da Turanci, "Ke baiwar Allah, wacce daga ciki kike nema?" Ashe duk zuriyar kaka ɗaya ce, kowane ɗa ya mayar da sunan uwarsa, haka aka yi ta yi.

Da suka gane ko ni wace ce, sai kuka, sai runguma, sai abinci. Na fito da hoton jaririya da Janelle ta aiko mini, ya zagaya tebur, kowa ta sumbace shi har ya jiƙe. Tsohuwar ta tambayi sunanta. Ni kuma da bakina na ce Florence.

Akuyar ma ta daina tauna. Tsohuwar ta miƙo hannu ta janye farantin da ke gabana.

"Florence 'yar gidan wa ce?"

Na ce gari ne.

"Garin ya taɓa goya uban yarinyar?"

Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ɗan gicciyen zinariya a ƙulle cikin hankici. Na matarka ne na yarinta, ta bar shi ranar da za ta hau jirgi, ta ce a ajiye wa takwararta. Tsohuwar 'yar baffanta ce, tare suka tashi. Ta ce kowace Evanthia ta samu mai ɗaukar sunanta, saura tasu ta Ostiraliya, kuma ita ba za ta mutu ta je ta faɗa mata haka ba.

Na kira Janelle daga wayar mai shayi. Abin da na ce mata tsakanina da 'yata ne, kada ka sa rai. An dai mayar mini da farantina.

Bas ya tafi ya bar ni. Sun ce ba inda za ni sai an gama cirar inabi. Zan zo Lahadin in sun sake ni. Kyandir kuwa na kunna.

Taka, wadda ka jefa a rami,
Beryl

*

Melbourne, Litinin

Zuwa ga surukata Beryl, ta hannun duk Evanthiar da ta karɓa,

Bayan gaisuwa. Yau gwiwa da sauƙi, tarin yana nan.

Jiya na sa kwat ɗina na coci, na jera baklava, na jawo kujera bakin taga. Can da la'asar aka ƙwanƙwasa, na ce ga ki. Ashe su Manoli ne. Janelle ta miƙo mini ƙunshin zane ta ce, "Baba, riƙe mini Evanthia in ɗauko jaka a mota."

Na ce mata ba a faɗin suna kafin baftisma. Tana fita na faɗe shi da kaina, a hankali, na sake faɗa, na sake. Bai tsaya a maƙogwaro ba. Yarinyar ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta yi mini tumbuɗi a kwat.

Na ji wai za a liƙa mata Florence a tsakiya. Wannan faɗan na ajiye miki shi, ba zan yi da kowa ba.

Ki riƙe gicciyen da kyau. Ki gaida su duka, kira ɗaya ya isa.

Baklava ta fara bushewa. Na bar kujerar a bakin taga har magariba, ke dai ba ki zo ba.

Naki,
Lambros