Moton Baba Ya Tashi

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina yara, ya jikin Inna? Ni ina nan Maraɗi lafiya, sai kewa.

Moton Baba ya tashi. Makanikai uku na nan suka canza buji a banza, suka ce in sayar da shi a kilo. Ban ga laifinsu ba, moton ya girme su. Sai wani tsoho a Tibiri, Malam Idi, ya saurari injin ya ce, "Ɗana, datti ne kawai." Yana wankewa yana tambayata mutanen gida. Wata bakwai ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Ya gyara shi sarai, har na rasa dalilin komawa wurinsa.

Ki gaida Inna, ku sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Lawali