Yadda Na Gamsu da Makarantar 'Yan Mata Zalla

Zuwa ga Shugaban tawagar da ta yi bincike kan makarantun kuɗi na 'yan mata zalla a Birnin Gwari,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Shu'aibu, mutumin Kutemeshi, amma tun da zaman ƙauye ya gagara na dawo unguwar Magajin Gari da injin niƙana. Ina cikin iyayen da rahotonku ya ce sun gamsu, shi ya sa na ga ya kamata ka ji yadda na gamsu.

'Ya'yana mata biyu ne, Rakiya da ƙanwarta Saratu. Rakiya tun tana ƙarama take hannun kawunta a cikin gari, shi ne ya saka ta a makarantar kuɗi ta mata zalla. Saratu kuwa tare muka baro ƙauye, tana makarantar al'umma inda ake haɗa maza da mata. Rahotonku ya ce irin su Rakiya sun fi ƙoƙari saboda babu maza a ajinsu. Lallai Rakiya ta fi ƙoƙari. Dalilin ne nake da magana a kai.

1. Ranar da ma'aikatanku suka zo, mai makarantar ne ya zaɓi iyayen da za a kira. Tambayoyin da Turanci suke, shi ke fassara mana, shi ke mayar da amsarmu. Aka tambaye ni ko kuɗin da nake biya yana biyan buƙata. Na ce ba ni ke biya ba, kawunta ne, kuma shi ma yana ƙorafi. Mai makarantar ya faɗa wa yarinyar da ke rubutu kalma ɗaya tak, ta yi alama. Daga nan aka ba mu lemo.

2. Rakiya ta ce su ma an raba musu takardunku a aji, kuma an rubuta musu misalin amsa a allo don kada su ɓata takarda. Ta kwafe shi tsaf. Tana da kyan rubutu.

3. Akwai ƙawarta Ladi, 'yar maƙwabcina. Kafin zuwanku makarantar kuɗin ta sallame ta saboda ta faɗi jarrabawar wucewa aji, kamar yadda take yi wa duk wadda ta faɗi. Yanzu tana makarantar su Saratu, a can kuka ƙirga ta.

4. Ba ku je Kutemeshi ko Saminaka ba. Ban ga laifinku ba, ni ma a lokacin ba na bin hanyar. An ce ta waya kuka nemi mutanen ƙauye, a daidai lokacin da babu sabis. Da kun same mu, da mun gaya muku makarantar su Saratu ta can ƙauye ta daɗe a rufe bayan malamai sun tsere, yarinyar tana gida tana tsince mini masara, yayarta tana aji kullum a gari. Ba yara mazan ajinta suka rufe makarantar ba. Tare muka gudo da su, a mota ɗaya.

5. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. An karanta rahotonku a taron iyaye da malamai na makarantar al'umma. Na ɗaga hannu, shugaban kwamiti ya ce masana sun riga sun yi magana. Aka raba yara, maza da safe, mata bayan azahar. Malamin lissafi ɗaya ne, kuma da azahar yake wucewa makarantar kuɗi inda yake ƙarin aiki, wato makarantar su Rakiya. Tun daga ranar ajin Saratu babu namiji ko ɗaya, har da mai koyar da lissafin. Bana za ta rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuma aikin jinya take so ta karanta. Idan Rakiya ta zo gida ran Juma'a, littafinta Saratu take ara ta kwafa, ba tare da ta gane abin da take kwafa ba.

Ban ce raba maza da mata laifi ne ba. Mai yiwuwa yana da amfani, ban sani ba. Ina dai ganin ku ma ba ku sani ba tukuna.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku bayyana wa jama'a su wa kuka tambaya, wa ya zaɓo su, da inda ba ku kai ba. Ku rubuta wa kwamitin makarantarmu haka da sa hannunka, domin sa hannunka suke ji. In za ku sake zuwa, ku taho da mai fassararku, ku cire sunana daga waɗanda suka gamsu. Ina roƙon wasiƙar kwamiti ta iso kafin jarrabawa, don bayanta Saratu ba ta da abin da za ta yi da ita.

Allah ya ƙara maka basira, ya kiyaye hanyarka, ya ba 'ya'yanka malaman da ke zama har a tashi.

Wassalam.

Shu'aibu mai injin niƙa,
Magajin Gari, Birnin Gwari.