Allurar kwana uku da ban kai matata aka yi mata ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, domin akwai waɗanda suka san ni a nan. Don Allah ku ba ni shawara, daga yau zuwa Alhamis kawai nake da shi.

Ni dattijo ne, na haura saba'in. Na yi aikin fassara da karanta labarai a gidan rediyo har na yi ritaya. Ina zaune a Unguwar Mu'azu da matata, zan kira ta Hajiya. 'Yarmu ɗaya tak. Abin da zan faɗa ya faro ne tun 1982, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Lokacin Hajiya tana da cikin fari, ni nake kai ta awo wani asibiti a Kakuri. Wata rana nas ɗin da ke duba ta, Sista Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, ta kira ni gefe ta ba ni wani kati. Ta ce jinin matata negetif ne, nawa fozitif. Idan jaririn ya ɗauko nawa, wajen haihuwa ɗan jininsa zai shiga jikin uwar, garkuwar jikinta ta ɗauke shi a matsayin baƙo, ta kuma riƙe kamanninsa. Na farin zai tsira, amma waɗanda za su biyo baya garkuwar za ta far musu tun suna ciki. Rigakafin allura ɗaya ce, a babban asibiti, cikin kwana uku da haihuwa.

"Malam, kai ne mai Turanci a gidan, shi ya sa na ba ka," in ji ta. "Kwana uku fa, ba huɗu ba. Kada ka yi mini Afirkan taim."

Na yi dariya, na ce Sista, ni da nake karanta labaran ƙarfe bakwai, ban taɓa makarar minti ɗaya ba. Ban gaya wa Hajiya ba, wai don kada in tsorata ta.

Da cikin ya tsufa aka ɗauke ta goyon ciki, gidan iyayenta a nan Kakuri, bayan masaƙar da mahaifinta yake aiki. A gida ta haihu, ranar Talata da hantsi, a hannun ungozoma. Da la'asar na je barka, katin yana aljihuna. Na tarar da Baba, mahaifinta, a ƙofar gida da abokan aikinsa, na durƙusa, aka yi addu'a, na tashi. Yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacin suruki ba ya shiga cikin gida, ba ya tambayar 'yar fari, balle ya buɗe baki gaban uban matarsa ya yi zancen jininta. Washegari na koma, na sa aka kira mini gwaggonta, na ce akwai wata allura da aka ce a yi. Ta ce wace allura, ga uwa lafiya ga 'ya lafiya, an riga an fara wanka, mai jego ba ta fita, mu 'yan boko komai sai asibiti. Ban nace ba. Ban ma ciro katin ba. Na ce a raina bari a yi suna tukuna. Daga gidan zuwa asibitin bas ɗaya ne.

Kwana takwas da haihuwa na je wurin Sista Rifkatu. Ta karɓi katin, ta duba, ta miƙo mini abina. Ta ce, "Ya wuce. Sai addu'a." Ba ta sake gaishe ni da fara'a ba har ta bar asibitin.

Bayan shekara biyu aka haifa mana namiji. A kwana na biyu jikinsa da idanunsa suka yi rawaya, ya daina kama nono, bai kai suna ba. Na uku ya zo ba rai, a kumbure, a wata na takwas. Na huɗu bai kai wata bakwai ba. Ni na ɗauki ukun nan zuwa maƙabarta, kuma kowane lokaci na san abin da ya faru. Ita kuwa aka sa mata suna mai wabi. Ta sha saiwowi masu ɗaci ba iyaka. Ta daina miƙa hannu ta karɓi jariri a gidan suna, saboda ta lura da yadda mata suke janye 'ya'yansu. Ni kuma kullum ina gaban makirfo ina karanta sanarwar a kai yara rigakafi a kan lokaci.

A 1988 muka ga wani likita ɗan Indiya, ba ya jin Hausa, ni ne tafinta. Magana uku ya yi. Ya ce jininta da na yaran ba sa jituwa. Ya ce ta daina ɗaukar ciki. Ya ce da an yi mata allura bayan haihuwar fari da duk wannan bai faru ba. Na fassara biyu, na tsallake ta ukun. A wurin aiki in ka tsallake jimla ɗaya sai an ba ka kweri, wato takardar tuhuma, a nan ba wanda ya kama ni. Da muka fito, a bakin titi muna jiran bas, ta ce, "Malam, ka yafe mini, jinina ne ya hana ka 'ya'ya." Na ce na yafe. Wallahi haka na ce.

Tun daga nan take lallaɓa ni kamar wanda ta cuta. Tana gaya wa mutane samun miji mai haƙuri irina sai an tona. Ni kuma ina karɓar yabon, shekara talatin da ɗoriya. Na gaji da karɓarsa.

Abin da ya taso da maganar yanzu, babbar jikarmu tana da cikin fari, ita ma jininta negetif ne. Hajiya ce ta raka ta awo makon jiya, nas ta yi musu bayanin nan kaf da Hausa, har da allurar. Da ta dawo ba ta ci abinci ba. Ta tambaye ni ko a zamaninmu akwai wannan allurar, na ce ban sani ba. Can ta ce ta tuna wata rana Sista Rifkatu ta kira ni gefe, me ta ce mini? Na ce na manta. Ta dube ni, ta ce ni da nake tuna sunayen ministocin da suka mutu tuni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce to, ranar Alhamis za su koma, za ta tambayi likita da bakinta, wannan karon ba ta bukatar tafinta.

Na yarda da ƙaddara, na san kwanan yaran nan ne ya ƙare. Amma ƙaddara ba ta hana ni ciro kati daga aljihu ba, kunya ce ta hana ni. Hajiya tana da hawan jini, ina tsoron abin da maganar za ta yi mata. Ina kuma tsoron ta koma ga Allah tana ganin ita ce ta yi mini laifi. Baba ya rasu, gwaggo ta rasu, Sista ma ban sake jin ɗuriyarta ba, ba wanda ya rage da ya san da maganar sai ni. Katin yana nan cikin tsohon ƙamus ɗina na aiki, rubutun Sista bai goge ba.

'Yan'uwa, musamman iyaye mata da suka taɓa binne ɗa, ku gaya mini gaskiya, kada ku duba furfurata. In ɗauko katin in ajiye a gabanta kafin Alhamis, in nemi yafiyar da ta nema a wurina? Ko in yi shiru, in bar likita ya faɗa mata maganar nan ta uku da na ƙi fassarawa?