Baƙuwar da Ta Wanke Tukunyar Iya

Derebag, 19 ga Agusta, 1994

Zuwa ga 'yata Meltem, a Izmir.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ni dai ba lafiya nake ba, kuma ke kika jawo. Da a waya zan faɗa miki, amma wayar garin nan tana shagon shayi, ba zan tsaya gaban maza masu zaman banza in yi kuka ba.

Baturiyar nan da kika turo min, Doris 'yar Jamus, kika ce tana yawon duniya tana son ganin girkin ƙauye. Na karɓe ta hannu biyu, na ba ta ɗakinki. Ran farko ta sha shayi kofi goma sha ɗaya don ba ta san a ɗora cokali a bakin kofi in an ƙoshi ba, ni kuwa ina ta zubawa har idonta ya yi ja. Na koya mata ta ce wa mai girki "Allah ya ba hannunki lafiya". Yanzu har akuya take gaya wa. Duk wannan na yi dariya.

Shekaranjiya na tafi lambu tsinkar tattasai da tumatir, don lokacin haɗa tarhana, busasshen ƙullun miyarmu, ya yi, in ba a shanya ta yanzu ba me za mu sha da hunturu? Ina dawowa na tarar da ita a bakin famfo, hannu duk kumfa, tana washe baki. A gefenta ga tukunyar Iya a kife tana ɗigar ruwa.

Na ce, "Ina abin da ke ciki?"

Ta toshe hanci, ta buɗe ɗan littafin kalmominta, ta ce, "Ya lalace. Wari. Na ba kaji."

Meltem, uwar ƙulluna ta ba kaji! Ɗan tsamin ƙullun da Iya ta karɓa a hannun uwarta, wanda nake ragewa duk sati in ƙara masa gari, shekara talatin da huɗu bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Da shi nake gurasa, da shi tarhanata ke tashi. Har sabulu ta sa wa tukunyar. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ran jana'izar Iya, ita kuwa tana tsaye tana cewa, "Allah ya ba hannunki lafiya?"

Maƙwabta sun ce in karɓi tasu. Ba na so. Tasu ba ta Iya ba ce. Ki zo ki ɗauke baƙuwarki kafin ta wanke ni ni ma.

Ina sumbatar idanunki, duk da haka.
Mamanki, Gulizar

Izmir, 25 ga Agusta, 1994

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina sumbatar hannuwanki. Wasiƙarki ta iso, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Laifina ne, da na gaya mata kada ta taɓa komai a kan kantar nan.

Doris ta kira ni daga shagon shayi tana kuka, har mai shagon ya karɓi wayar ya tambaye ni ko wani ya rasu a ƙasarsu. Ta ce kwana uku ba ki yi mata magana ba, amma kullum kina cika mata kwano har ya zuba, ta rasa gane ko an yafe mata ko hukunci ake mata. Na ce duka biyun ne.

Mama, zan faɗi abin da ba kya son ji. Uwar ƙullun Iya ba ta mutu ba. Rabi tana hannun ƙanwarki, Inna Nazife, a bayan dutsen nan, tafiyar sa'a ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba kwa magana. Na san ba ta zo jinyar Iya ba. Amma ke ma da ta aiko da alewar makoki, kika mayar mata da farantinta wayam, a gaban mata, alhali ke kika koya min cewa ko gishiri ne a zuba, faranti ba ya komawa gidan masu shi babu komai.

Doris ta tambaye ni ko akwai inda za a samu irinta, na ba ta wannan labarin duka. Ban ga aibu a ciki ba.

Allah ya huci zuciyarki.
'Yarki, Meltem

Bayan Dutse, 28 ga Agusta

Yaya Gulizar,

Sallama, tunda sallama wajibi ce.

Ban san lalacewar ta kai haka ba. Shekara goma sha ɗaya ban ga ko inuwarki ba, sai yau da hantsi ga wata doguwar Baturiya a ƙofata, fuska ta ƙone da rana, karnukan gari na binta, riƙe da farantinki mai shuɗin baki an rufe da ƙyalle. Na buɗe. Wai gozleme ce, gurasar nan mai cuku a ciki. Yaya, na ga gozleme a rayuwata, ana murza ta har ka hango yatsanka ta ciki. Wannan tafin takalmi ce aka cusa wa cuku. Mijina ya gatsa, ya ce in tambaye ta ko a ƙasarsu akwai likitan haƙori a kowane gida.

Na ce, "Wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Ni."

Na ce, "Me kike so?"

Ta nuna farantin ta ce, "Ba ya komawa wayam. Doka." Sai ta wuce kai tsaye ta tsaya gaban tukunyata, ta nuna ta da yatsa, ta zauna a kan dakali ta naɗe hannu.

A gidana! Baƙuwa ta koya min al'adar uwata! Na zuba mata ɓaure, ta girgiza kai. Na kawo gyaɗa, ta girgiza kai. Na ba ta shayi, ta sha ɗaya ta ɗora cokali a bakin kofi, ta ci gaba da kallon tukunya. Sai da matar liman ta zo da 'yan kalmominta na Jamusanci muka fahimci abin da ya faru da kaji.

Ki ji da kyau. Ba don ke na bayar ba, don Iya ne. Kuma tunda yau na ɗauki biro, bari in faɗa. Lokacin jinyar Iya ina kwance, cikina ya zube a wata na shida. Ban gaya wa kowa ba don kada Iya ta ji ta tafi da baƙin ciki. Ranar da na iya tsayawa da ƙafata, alewar nan na fara tuƙawa. Ba ki tambaya ba, faranti kika wanke kika aiko min.

Farantinki na riƙe. Uwar ƙullun tana cikin nawa, wanda kika sani. Ki yi yadda kika saba.

Ƙanwarki, ko kin so ko kin ƙi,
Nazife

Derebag, 30 ga Agusta, 1994

Meltem,

Na gaishe ki, amma gaisuwa kaɗan. Bakinki ba ya riƙe magana, tun kina yarinya haka kike.

Kin san abin da baƙuwarki ta yi? Ta sace min faranti, ta ɓata min gari da cuku, ta kai abin kunyar nan gidan Nazife da sunan girkin gidana. Yanzu duk Bayan Dutse za a ce Gulizar ta manta murza gozleme. Ta dawo da la'asar tana ɗingishi, ƙafa duk ƙaya, ta ajiye min faranti a cinya da wasiƙa a ƙarƙashi.

Na ce, "Wa ya sa ki? Wa ya ce ki je roƙo da sunana?"

Ta ce, "Ki shinshina."

Na shinshina. Meltem, hannun Iya ne. Ƙamshin ɗakin girkinmu ne ranar Alhamis. Na bar faɗan, na ɗauki wasiƙar.

Na karanta wasiƙar sau uku. Ba zan gaya miki abin da ke ciki ba, ba naki ba ne. Haushi nake ji har yanzu, na Nazife da ta yi shiru shekara goma sha ɗaya, da na wata da ba ta tambaya ba. Wannan ta biyun ta fi ba ni haushi, kuma da ita nake kwana nake tashi.

Na juye uwar ƙullun a tukunyar Iya, na ƙara gari. Da safe ta kumbura har ta ɗaga murfi. Mun haɗa tarhana, kindirmo da tattasai da tumatir da albasa da na'a-na'a, Doris tana cuɗawa har gwiwar hannu, ni ina tsaye a kanta. Na hana ta kusantar sabulu.

Yanzu ga faranti a kan kanta yana kallona. Doris ta ce za ta mayar. Na ce ta zauna, ƙafarta ba ta warke ba, kuma ta isa haka da yawon zubar min da mutunci. Kada ki zo ɗaukarta tukuna, ba ta iya komai ba.

Ina sumbatar idanunki.
Mamanki

Derebag, 1 ga Satumba

Nazife,

Sallama. Mai kai madara zai ba ki wannan.

Uwar ƙullunki ta ɗan yi ruwa, kina sa mata gari kaɗan, tun da can haka kike. Amma ta tashi.

Farantinki zai dawo ranar Juma'a bayan an sauko. Alewa ce a ciki. Ba aike zan yi ba, ni zan kawo. Ki ɗaure karnukan nan, ki ɗora shayi.

Allah ya ba hannunki lafiya.

Yayarki, Gulizar