Tallafin da Ya Tsallake Garejin Inna

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa zaman nesa ya yi albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da masu kwasar shara, ka san ita in ta fara faɗa to ta warke. Maigidana yana nan manne da keken ɗinkinsa, yara kuma an koma makaranta.

Na ji saƙonka na murya, inda kake cewa in je in taya Bature murna, wai ɗan Kawu ya fitar da dangi kunya. Ban iya amsa maka ta waya ba, don na san muryata za ta karye, shi ya sa na zauna na rubuta. Kai hoto kawai ka gani, ni kuwa ina wurin.

Ka san garejin da Inna ta share ta mayar aji, lokacin da makarantu suka ƙi karɓar Autarmu saboda ba ta ji. Tun rasuwar Inna ni da Auta muke riƙe da shi. Bencinan nan suna nan suna rawa, rufin yana yoyo daidai kan allo, in an yi ruwa sai mu ja yara gefe. Amma a ɗakin nan na ga uwa ta koyi tambayar ɗanta ina ke masa ciwo da hannu, ta fita tana kuka. Da aka sanar cewa hukumar yankinmu za ta ba ƙananan ƙungiyoyin sa-kai tallafi, na ce kakarmu ta yanke saƙa. Burina a gyara rufi, a sayo na'urar ji, Auta kuma ta fara ganin albashi kamar kowace malama.

Ni ban iya turancin neman tallafi ba. Bature ne ya kawo kansa, da kwat ɗinsa da kwamfutarsa, ya ce in bar masa komai, ai Inna gwaggonsa ce. Ya yi makonni yana zuwa, a kwanonmu yake ci. Ya ɗauki yara hoto, ya tambaye ni tarihin ajin tun daga farko, har hoton Inna na ciro masa daga bango. Yara suka saba da shi, suka raɗa masa suna da hannu, wato mai gyara wuyan riga. Duk lokacin da na tambayi maganar yi wa ajinmu rajista sai ya ce ana kai.

Ranar bayar da tallafin ya kira ni, ya ce in yi wa yara wanka in kawo su zauren taro. Muna shiga na ga ƙaton ƙyalle a bango, ga fuskokin yaranmu, ga Inna a tsakiya, amma sunan da ke sama ba namu ba ne. Ƙungiya ce sabuwa fil, ya yi mata rajista shi da matarsa da wani abokinsa. Ya hau mumbari ya ce gwaggonsa ta bar masa amanar kurame kafin ta cika, har ya ciro hankici. Yaranmu kuwa da suka ga hotunansu, sai suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, irin tafinsu. Yaya, wannan tafin ya fi komai ƙona mini rai.

Washegari na je ofishin hukumar. Ma'aikaciyar ta ba ni kujera, ta saurare ni da mutunci, sannan ta ce su ƙungiya mai rajista suka sani, in sake nema baɗi. Na wuce wurin Kawu. Ya ce hannun dama ne ya ba na hagu, kada in tona asirin gida. Na ce masa to hannun hagun ya ci, na daman yana nan da yunwarsa. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata sosai. An ce tsintsiya ɗaya ba ta shara, amma ba a gaya mini cewa wani tsinken yana iya guduwa da maɗaurin ba.

Bature ya kama bene a bakin titi, da allon suna da na'urar sanyaya ɗaki da motar ɗaukar yara. Abu ɗaya ya rasa, wato malami. Sai ga shi ya dawo, ba kunya ba tsoron Allah, yana yi wa Auta tayin aiki da albashi. Ta kwana biyu ba ta cin abinci, sannan ta tambaye ni ko Inna za ta yi fushi. Na dube ta, mace har mace, ba ta taɓa sayen ko takalmi da guminta ba. Na ce ta je. Iyaye ma suka kwashe yaransu suka bi mota, ban kuma ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage mini su ne waɗanda ya ce ba su dace da tsarinsa ba: wata yarinya da ba ta iya hawa bene, da 'yan'uwa biyu da ba su da kayan makaranta, da wani babban yaro da ya wuce shekarun ba da tausayi a hoto.

Yanzu ga dalilin takardata. Kawu ya ce tunda gareji ya zama kango, a ba wani mai facin taya haya, kuma amincewarka kawai ake jira, kai ne babba. Ba kuɗi nake roƙonka ba, Yaya. Kada ka amince. Auta tana tasowa daga can kullum da yamma, ta cire katin aikin daga wuyanta, ta shigo garejin ta koyar da ragowar yaran har duhu, ba wanda ya sa ta. In kuwa ka ga maganar Kawu ce daidai, kada ka aiko ni. Ka kira Auta ta bidiyo ka gaya mata da hannunka, in har ba ka manta yarenta ba.

Ka gaida Anti da kyau, da takwarar Inna, da Ƙaramin Baba mai rigima. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce man zafin nan ya ƙare. Maigidana ma yana gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Mai bi maka