Uku Cikin Goma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya harshe da alƙalami amana a wuyan ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ina gaida mai karatu. Waɗannan wasiƙu ne da suka gudana tsakanina da 'yata ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, da ɗan ƙanwata, wanda muke kira Dogo. Auta da abokan aikinta biyu sun shekara uku suna haɗa wani ɗan wasan kwamfuta. Dogo kuwa aikinsa rubuta sharhi a kan irin waɗannan wasanni a wata mujallar intanet, yana ba su maki. Dukansu sun san ba na yin magana mai nauyi a waya, sai a takarda. Na jera wasiƙun yadda suka zo, ban gyara nawa ba, har inda nake jin kunya.

Daga gare ni zuwa ga Dogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa na karanta sharhin da ka yi wa wasan 'yar'uwarka, *Mai Ɗinkin Littafi*. Mai shagon buga takardu na bakin layinmu ne ya fitar mini da shi a shafi uku, na zauna a ɗakin karatuna na bi shi layi-layi har sau biyu. Ka ba shi uku cikin goma.

Ban san wasan kwamfuta ba, kuma ba zan yi shisshigi a ilimin da ba nawa ba. Amma na san abin da ukun nan za ta jawo. Kamfanin da ya yi alkawarin ɗaukar wasan ya kai shi manyan kasuwanni ya ce sai matsakaicin makinsa ya kai bakwai a ƙarshen watan nan. Mutum huɗu suka yi sharhi kafin kai, masu bakwai da masu takwas. Taka ta ja shi ƙasa. In kamfanin ya janye, su ukun nan za su watse, wahalar shekara uku ta tafi a banza.

Sai kuma abin da ya taɓa ni. Ka rubuta cewa tsohon da ke ɗinke littattafan da ambaliya ta yayyaga, muryarsa "ta saurayi ce da ya toshe hanci yana kwaikwayon kakansa". Dogo, wannan muryar tawa ce. Kwana shida na yi a ɗakin aikinsu, sun lulluɓe bango da barguna saboda ƙarar titi, ina maimaita jimla ɗaya har sau goma. Shekaruna saba'in da huɗu, ban bukaci toshe hanci ba. In muryar kawunka ce ba ta yi maka ba, ka faɗa mini kai tsaye.

Ka huta lafiya. Kawunka.

Daga Dogo zuwa gare ni

Wa alaikumus salam, Kawu. Ina gaisuwa da girmamawa, Mama ma tana gaishe ka.

Wallahi Kawu ka ba ni dariya. Wace muryar taka? Ai wannan mijin Auta ne, ko cikin barci na ji shi zan gane shi, shi ne mai jan "to" kamar ana cire masa haƙori. In don ka kare 'yarka ne ka ɗauki laifin, na yaba. In kuma kunnen ne ya fara, sai mu kai ka a duba.

Maganar maki kuma, Kawu, aiki aiki ne. A wurinmu ba a duba dangi. Ƙofar ɗaki na huɗu ba ta buɗuwa sai an kashe wasan an sake kunnawa, sa'a guda na yi ina dungurin ta. Allurar ɗinkin tana shigewa cikin tebur. Me zan rubuta, in ce ya yi kyau saboda 'yar Kawu ce? Ka gaya wa gimbiyar taka ba kowa ne zai tafa mata ba.

A gaida mutanen gida. Ɗanka, Dogo.

Daga gare ni zuwa ga Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina fatan ke da maigidanki kuna cikin ƙoshin lafiya. Ga takardar Dogo nan na haɗa miki, da rubutun hannunsa. Ki karanta ta a natse.

Na tuna ranar da kika kira ni aikin nan, wata huɗu da suka wuce. Kin ce muryar mijinki kuka ajiye a sigar gwaji don ta riƙe wurin, kuma za a cire ta a sa tawa. Na tuna kuma murnar da kuka yi ranar da kuka gyara wata ƙofa, har mai yi muku zane ta zubar da shayi a kan takarduna. Ashe ɗan'uwanki bai buɗe wasan da kuka fitar ba. Tsohuwar sigar da ta rage a hannunsa tun lokacin da yake taya ku aiki, ita ya buga, ita ya yanke wa hukunci, sa'an nan ya gaya wa duniya ita ce ake sayarwa.

Wannan shaida ce a kan abin da bai gani ba, kuma kin san sunanta a shari'a. Ya ci amanar mai karatu, ya ci taki, ya juyo ya ce kunnen kawunsa ya fara. Ba zan hana ki neman haƙƙinki ba. Yaron da na riƙe hannunsa na koya masa riƙon alƙalami, in da alƙalamin zai yi wannan, ya kamata ya ji a jikinsa.

Allah Ya yi miki albarka. Mahaifinki.

Daga Auta zuwa gare ni

Wa alaikumus salam, Baba. Ina gaishe ka, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Allah Ya kama shi, da bakinsa! Baba, sau uku na karanta ina tsaye. Ka san halin da muke ciki tun da sharhin nan ya fita? Mai zanenmu tana zuwa ta zauna ta ƙura wa allo ido har a tashi. Mai haɗa mana injin wasan ya fara kwashe kayansa kaɗan-kaɗan, yau kofi, gobe kujera, yana tsammani ban lura ba. Mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba suna rubuto mana "ku gyara ƙofa", ƙofar da muka gyara tun wata huɗu da suka wuce.

Kuma ba sigar gwaji kaɗai ba ce. Dokar mujallarsu ta ce mai sharhi ya bayyana in yana da alaƙa da masu wasan. Bai ce ni 'yar kawunsa ba ce, bai ce ya taɓa zama a teburin nan da nake rubuto maka ba. Duk zan haɗa da takardar da ka aiko in tura wa babban editansu. An ce ya yi tafiya, sai Litinin zai dawo. To Litinin ɗin da safe zai same ta.

Kada ka ce in nemi su gyara makin kawai. Ba gyara nake so ba, Baba. So nake ya kwashi nasa kofin da tasa kujerar, ya ji yadda ake ji.

Na gode da ka tsaya mini. 'Yarka, Auta.

Daga Dogo zuwa gare ni

Assalamu alaikum, Kawu.

Ka yafe mini maganar kunne. Bayan na aika maka takardar nan hankalina bai kwanta ba, domin ban taɓa jin ka yi ƙarya ko da wasa ba. Sai na buɗe wasan da suka fitar na fara shi. Muryarka ce ta tarbe ni. Ƙofar ma tana buɗuwa.

Ba zan kare kaina ba, amma ka ji yadda aka yi. Wata goma sha huɗu na yi a ɗakin nan. Yadda ake zura zare a ɗinke shafi, abin da duk masu sharhi ke yabawa, ni na ƙirƙiro shi, a kan teburin Mama da allurarta na gwada. Da na sami aikin mujalla na ce zan riƙa zuwa ƙarshen mako, Auta ta ce in tafi gaba ɗaya. Na tafi. Ranar da wasan ya fito na buɗe shi da murna, kafin in fara na leƙa jerin sunayen waɗanda suka yi aikin. Akwai mijinta. Akwai mai gyaran fanka na ƙasan bene, an gode masa. Ni babu. Na rufe, na ɗauko tsohuwar sigar da na san duk inda take ɗingishi, na zauna na rubuta. Ina sane na yi.

Ina roƙonka abu ɗaya. In takardata tana hannunka, ka riƙe ta. Ka ba ni mako guda in je wurin edita da ƙafata in janye sharhin. In ni na faɗa, dakatar da ni za a yi. In daga waje ta zo, kora ce, kuma babu mujallar da za ta sake ɗaukata.

Ɗanka, Dogo.

Daga gare ni zuwa ga Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na ba direban motar safe wannan takarda don ta riske ki kafin Litinin. Kada ki tura kome wa edita. Dogo ya amsa laifinsa, ya nemi mako guda ya janye sharhin da kansa. Makinku zai dawo kafin ƙarshen wata, kamfanin ba zai janye ba. Abin da kika rasa zai dawo hannunki ba tare da kin raba shi da abincinsa ba.

Ina kuma tambayarki, ki amsa mini tsakaninki da Allah. Shin gaskiya ne shi ya ƙirƙiro ɗinkin, kuma kika cire sunansa? In haka ne, ke kika fara, ni kuwa na yanke hukunci ban ji ɓangare ɗaya ba, abin da na shekara arba'in ina hana ɗalibaina. Ba kishin gaskiya ne ya sa na aiko miki takardarsa ba. Haushin maganar kunne ne, na sa masa rigar addini. Ina neman gafarar Ubangijina.

An halatta wa wanda aka zalunta ya rama, amma gwargwadon abin da aka yi masa. Ya so ya ɓata miki wata guda, ke kina shirin ɓata masa sana'a. Ki dawo mini da takardar, ki mayar da sunansa.

Mahaifinki.

Daga Auta zuwa gare ni

Wa alaikumus salam, Baba.

Takardarka ta iso ranar Asabar. Ba zan ce ta makara ba, ba ka koya mini ƙarya ba. Na karanta ta, na ajiye, ranar Litinin na tura wa editan.

Sun cire sharhin a ranar, sun buga sanarwar ban haƙuri. Makinmu ya koma bakwai da rabi, jiya kamfanin ya sa hannu. Mai injin ya dawo da kujerarsa. Dogo kuwa sun sallame shi, sunansa na cikin sanarwar.

Eh, shi ya ƙirƙiro ɗinkin. Amma ka ce wata guda ya so ɓata mini. Baba, da ba muryarka ba, wa zai gane? Da mako gudan nan bai zo masa a rai ba, da mun watse yana can yana shan iska. Sai da aka kama shi ya tuna yana da ƙafar zuwa wurin edita. Kuma lokacin da ya tafi, saura kwana tara mu nuna wasan a gaban mutane, ni kaɗai na ƙarasa rabonsa ina kuka.

Na san Gwaggo, mahaifiyarsa, ta daina ɗaga wayarka, wannan ya dame ni. Ka yafe mini saɓa maka da na yi. Maganar suna kuwa, ka bar ni tukuna.

'Yarka, Auta.

Daga Dogo zuwa gare ni

Assalamu alaikum, Kawu.

Takardunka biyu na ban haƙuri sun iso. Ka daina ɗora wa kanka, ni na rubuta ukun. Zan lallashi Mama ta kira ka.

Yanzu da nake zaune a gida na buga wasan har ƙarshe. Takwas ne, wataƙila da rabi, amma ba ni da inda zan rubuta. Kada ka gaya mata.

Jiya sun fitar da sabon gyara. Na duba jerin sunayen.

Ka huta lafiya. Ɗanka, Dogo.

---

Iyakar abin da ya zo hannuna ke nan. Dogo bai faɗi abin da ya gani a jerin ba, ni kuma har yau ban iya tambayar ko ɗayansu ba.

Allah Ya daidaita tsakanin 'ya'yanmu, Ya gafarta wa iyayen da suka hura wuta suna zaton kashewa suke yi. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsare alƙalaminka daga shaidar abin da ba ka gani ba, Ya ba ka ikon riƙe hannunka ranar da ramuwa ta zo maka da sauƙi, Ya albarkaci gidanka da zumuncinka. Amin.