Tambaya ta Tara a Kan Iyaka

Litinin, 6 ga Mayu

Manaja ya ba ni hanyar ƙetare. Tirela mai sanyi, kifi tan ashirin. Ya ce, "Kai tsohon hannu ne, ba sai an yi maka bayani ba." Uwar yara ta goge mini riguna uku. Abu ɗaya ne a ranmu, ni da ita.

Laraba, 8 ga Mayu

Kan iyaka. Awa shida a layi, mota bayan mota. Suka miƙo takarda. Tambaya ta tara: an taɓa ɗaure ka? Na riƙe biro har tafin hannuna ya jiƙe. Na rubuta e.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Cacar baki da wani ɗan dako a wurin lodi, sifana tana hannuna, muƙamuƙinsa ya karye. Wata goma sha huɗu a gidan yari. Tun da na fito ko kaza ban taka ba.

Jami'ar da ta karɓi takardar sa'ar babbar 'yata ce. Ta duba kwamfuta ta ce, "Baba, ba za ka shiga ba." Na ce ai na riga na yi zaman laifina. Ta ce, "A can ka yi. Nan sai da takardar yafiya." Cikin ladabi ta faɗa. Da ma tsawa ta yi mini.

Alhamis, 9 ga Mayu

Kamfani ya turo wani direba ya karɓi makulli. Ni na koya masa yin ribas da tirela. Ya kasa kallon idona. Da ya hau, na ga ya ja kujerar gaba don ta yi masa daidai. Wannan ya fi komai ci mini rai, ban san dalili ba.

Na dawo a motar haya, jakata a cinya.

Litinin, 13 ga Mayu

Manaja: "Da ka rubuta a'a mana, wa zai sani?" Can kuma: "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?" Ƙarshe dai, "Je ka huta tukuna." Kowa a garejin ya san ma'anar wannan hutun.

Laraba, 15 ga Mayu

Ban fita ba.

Juma'a, 24 ga Mayu

Lauya ya ce takardar yafiyar kan ɗauki shekara biyu, kuma babu tabbas. Shekarata hamsin da ɗaya, idona na hagu ya fara hazo. Ya ce zai taimaka idan wanda na ji wa ciwo ya sa hannu cewa ya yafe. Ya buga mini wasiƙar, saura sa hannu kawai. Wato in je in durƙusa wa mutumin da ya jawo mini duk wannan.

Talata, 4 ga Yuni

'Yar auta ta tambayi uwarta ko Baba ba shi da lafiya ne. Ina ji daga ɗaki. Na juya fuskata bango.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na je wurin ɗan dakon. Ya bar dako, yana sayar da batir da tocila a wata rumfa bakin titi. Shi ya fara gane ni. "Direba, ka tsufa." Da gefen baki ɗaya yake magana. Ya matsa mini a benci. Yana tsoma burodi a shayi sai ya yi laushi sosai kafin ya kai baki. Ya ga ina kallo, ya ce, "Tun lokacin ba na iya tauna abu mai tauri." Ba da fushi ba. Kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Ina zaune ina ƙoƙarin tuna abin da ya faɗa mini ranar har na ɗaga sifana. Wallahi na kasa.

Ya ce me ya kawo ni. Na ce wucewa nake yi. Wasiƙar tana aljihuna har na tashi.

Rufin rumfarsa duk ya yage, rana na dukan kayan. Na ji bakina yana cewa ina da tsohon tamfol na mota, zan kawo ranar Asabar.

Uwar yara ta ce, "Baban yara, ya sa hannun?" Na ce ba mu kai nan ba.

Na fito da tamfol ɗin na wanke, na shanya. Da ma wuri kawai yake ci mana a ɗaki.